Ƙarfen gefen da wani mai walda ya yi wa motata a Kano, bayan ya sha daminar Mambila

Duk inda na tsaya da motar nan, ko gidan mai ne a Bali ko bakin kasuwar Nguroje, sai an samu wanda zai tsuguna ya leƙa ƙarƙashin ƙofa, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da bayan yatsa, sannan ya ɗago ya ce, "Alhaji, wannan daga waje ka yi odarsa?" Ba daga waje ba ne. Wani dattijo mai walda ne ya haɗa mini shi a Kano, can wajejen Ƙofar Ruwa. Yanzu da ƙarfen, wanda aka sa don ya kare gefen motar daga duwatsu, ya ga rani ya kuma sha damina, ina ganin zan iya faɗin inda aikin ya yi da inda ya gaza ba tare da na ci haƙƙin kowa ba. Wajen ƙarfi dai ba ni da ta cewa. Wajen fenti da gamawa kuwa, akwai magana.

Sana'ata sayar da maganin dabbobi. Ina saro kaya a Kano, allurar rigakafi kuma ta cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom nake ɗauka, in haura da su tsaunin Mambila wurin makiyaya da masu ƙananan shaguna. Motar Hilux ce ƙirar 2012, mai ƙofa huɗu, injin fetur 2.7. Daga Jalingo zuwa Bali, zuwa Serti, har Mayo Selbe inda ake fara hawan dutse, kwalta ce duk da ramukanta, ko ƙaramar mota na bi. Wahalar tana farawa ne in ka bar babbar hanyar Gembu ka yanki daji zuwa rugage, ko ka kama hanyar Mayo Ndaga da damina. Jar ƙasa ce mai santsi, manyan motoci da tsofaffin Land Rover sun haƙa mata kwari biyu, tsakiya ta yi tozo, ruwa ya kwashe ƙasa ya bar duwatsu a tsaye. Gefe kuma ga kututturan itacen turare da aka sare aka bari, ciyawa ta rufe su ruf.

Duk mai Hilux ya san inda motarsa take da rauni. Tsakanin tayar gaba da ta baya akwai milimita 3,085, wato mita 3 da ɗoriya, kuma duk wannan tsawon babu abin da ke tare shi. Tayar gaba ta hau dutse ta sauka, kafin ta baya ta iso cikin motar ya sauko a kan dutsen. In a kan shasi ya faɗa, da sauƙi, ƙarfe ne mai jiki. In kuwa dutsen ya ɗan kauce waje, to dokin ƙofa ne zai karɓe shi, wannan siririn fallen bodi da ke ƙarƙashin ƙofofi. Motar da ta kusa tan 2 ba kaya, ta doshi tan 3 in an loda mata gishirin shanu da kwalayen magani, ita ce za ta zauna a kansa.

Matakalar da motar ta zo da ita alminiyom ce da roba, an ɗaure ta a jikin bodi da 'yan siraran ƙarafa. Don a taka a shiga aka yi ta, ba don ta ɗauki mota ba. Tawa a wani rafi bayan Maisamari ta gamu da ajalinta: dutse ya tokare ta daga ƙasa, ta naɗe sama, ta shige cikin dokin ƙofa, ta danne gindin ƙofar baya. Ƙofar da kular allurai take bayanta ke nan, ta ƙi buɗuwa, sai ta ɗaya ɓangaren muka janyo kular. Mai gyaran bodi a Jalingo ya ce mini da babu matakalar ma da ɓarnar ba ta kai haka ba, don ita ce ta tura ƙofar ciki.

Na fara tambayar na kamfani. ARB ta Ostareliya, wadda take wannan sana'a tun 1975, tana yin na Hilux, haka ma TJM da Ironman 4x4, kuma kowanne an auna shi daidai da shasin ƙirar da aka yi wa. Sai dai da dala ake maganarsu, ga kuɗin dako ga na kwastan. Abin da aka lissafa mini ya isa in sake tayoyin motar gaba ɗaya har da safaya. Masu shagunan kayan ƙawar mota kuma suka nuna mini waɗannan fararen bututai masu ƙyalli. Na ɗaga ɗaya da hannu guda ban ji komai ba, na duba ƙafafunsa na ga a ramukan tsohuwar matakala ake ɗaure shi, wato a bodi. Wannan ado ne kawai, duk abin da ya buge shi bodi zai miƙa wa. Shi ya sa na koma neman mai walda.

Wani direban motar haƙa burtsatse ne ya kwatanta mini Baba, dattijon mai waldar. Asalin aikinsa bodin manyan motoci ne da gyaran tifa, abin da ya ja hankalina ke nan, don mai haɗa ƙofar gida da tagar kanti bai saba tunanin nauyi ba. Rumfar kwano ce, ga babban injin walda, ga janareta mai dizal a gefe, ga yara suna ta yanke-yanke. Da na gama bayani bai ce uffan ba. Ya sa yaro ya shimfiɗa kwali, ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar da tocila a baki. Ya jima a ciki. Da ya fito yana karkaɗe riga ya ce, "Alhaji, a shasi zan kama maka shi da wuta, ka manta da shi har ranar da za ka sayar da motar."

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ba na son wuta ta taɓa shasin nan. Da noti nake so ku yi."

"Noti yana kwancewa."

"In ya kwance na ɗaure, Baba. In shasi ya tsage fa?"

Ya yi dariya, ya ce in je in ƙirga tifofin da ya yi wa walda a shasi suna nan suna ɗibar yashi. Kuma ba ƙarya ya yi ba. Kamawa da wuta ta fi sauƙi, ta fi araha, ta kuma fi ƙarfi in gwani ne ya yi, har a ƙasashen waje da yawa haka suke yi. Amma ni ina da dalilaina. Shasin Hilux ba shi da kaurin na tifa, kuma a irin hanyarmu kullum cikin murɗawa yake, taya ɗaya a rami ɗaya a sama. Zafin walda yana canza ƙarfen da ke kewaye da ita, in kuma aka ja layin walda daga sama har ƙasan shasi, nan ne tsaga take samun wurin farawa. Ga shi shasin rufaffe ne ta kowane gefe, in wuta ta ƙone fentin ciki babu hannun da zai shiga ya sake shafawa, tsatsa sai ta ci daga ciki ba ka gani. Bututun mai da na birki ma ta jikinsa suke bi. Sannan ranar da ƙarfen ya lanƙwashe, wanda aka kama da wuta sai an sa garanda a jikin shasi kafin ya fita. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "To shi ke nan. Amma kuɗin aiki zai ƙaru, kuma noti kai za ka sayo da hannunka, kada gobe ka ce yarona ne."

A nan ne na fara ganin darajar dattijon, don da ya yarda da noti sai ya kawo abu biyu da ba ni na faɗa masa ba. Na farko, ya ce tunda shasin kurman ƙarfe ne mai rami a ciki, in ka zura noti ta bango ɗaya ya fita ta ɗaya ka matse, bangwayen biyu za su lotsa ciki, bayan wata guda notin ya yi sako-sako ko da ba a taɓa shi ba. Sai ya yanka gajerun bututai masu kauri daidai faɗin shasin, aka zura su a ramukan da kamfani ya riga ya huda, noti ya bi ta cikinsu, don matsewar ta tsaya a kan bututu. Na biyu, faifan ƙarfen da ke riƙe kowace ƙafa bai bar shi a miƙe ba, ya lanƙwasa gindinsa ya shigo ƙarƙashin shasi ya tallafe shi. Ya ce, "In dutse ya ɗaga ƙarfen nan, wannan leɓen ne zai ɗaga motar. Noti riƙewa kawai zai yi." Ƙafa uku-uku ya sa a kowane gefe, kowace ƙafa da ɗan ƙarfe mai kusurwa uku da ke tokare ta ta sama. Duk wanda zai ba da irin wannan aiki, ƙafafun nan zai tsaya a kai. Bututun waje kowa na iya lanƙwasawa ya yi kyau a ido, amma nauyin mota ta ƙafa yake bi ya isa shasi.

Sayen ƙarfe tare da babban yaronsa muka shiga kasuwa, da ma'aunin kauri a aljihuna wanda na aro wurin wani mai injin juya ƙarfe. Shagon farko aka rantse mana bututun milimita 4 ne, na ɗora ma'auni bai kai 3 ba. Mai shagon ko a jikinsa, ya ce ai haka ake kiransa. Mun zaga kafin muka samu na gaskiya. Babban ƙarfen da ke kwance ƙarƙashin dokin ƙofa mai kusurwa huɗu ne, 75 da 50, kauri milimita 4. Na waje zagayayye ne, baƙin bututu na inci ɗaya da rabi mai kauri, wanda faɗinsa ta waje milimita 48 ne, jikinsa kusan 3.7. Faifan ƙafafu milimita 8. Yaron ya so mu ɗauki farin bututun ruwa don ba ya tsatsa kuma ya fi araha, amma wanda muka gani siriri ne, kuma Baba ma da ya ji ya ce ba ya son sa, hayaƙin da farin jikinsa ke fitarwa in an sa masa wuta yana kwantar da mutum da zazzaɓi cikin dare. Noti kuwa a kansa ake karanta ƙarfinsa: 8.8 ko 10.9. Wanda kansa yake fili babu lamba, na ƙofar gida ne. Na ɗauki 10.9 mai kaurin milimita 12, da wasa masu kauri.

Yadda suka yi aikin ya burge ni. Da kwali Baba ya fara yanka siffar kowane faifai yana gwadawa a jikin shasi, sai da ta zauna sannan aka zana a ƙarfe. Da za a ɗan ɗiga walda don a kama ƙafafu a mazauninsu, shi da kansa ya cire kan batir, ya sa aka jiƙa buhu aka rufe bututun mai da wayoyin da ke kusa. Motar zamani da kwamfuta a cikinta, ban sai na roƙa ba. Daga nan aka kwance duka aka sauke ƙasa, a can aka yi cikakkiyar walda nesa da motar. Sauran jiki da sandar walda ta yau da kullum mai lamba 6013 yara suka yi, amma ƙafafu Baba ya karɓa da kansa, ya ɗauko 7018 daga cikin wani gwangwani da yake rufewa don kada ta sha danshi. Wannan sandar ta fi ƙarfi, ta kuma fi wuyar sarrafawa, tana son injin da ke da wuta sosai. Da wuta ta ɗauke bai yarda a ci gaba da ƙaramin janareta ba, sai da aka tayar da babban. Da ya fasa ɓawon waldar na sunkuya na duba, layin ya kwanta daidai kamar kitso, babu huji babu tsalle. Bututun waje kuma ba su cika shi da yashi sun gasa ba yadda wasu ke yi, wurin mai injin lanƙwasa aka kai, ya dawo bai motse a kwana ba. An ɗan ɗaga shi sama da kusan digiri 15 don kada ya rage wa motar tsayi, wutsiyarsa kuma dab da tayar baya aka ɗan turo ta waje.

Sai gwaji. Bodin Hilux a kan robobi yake zaune bisa shasi, kowanne yana motsinsa daban, don haka dole a bar fili tsakanin sabon ƙarfe da dokin ƙofa, misalin kaurin babban yatsa, kusan milimita 20. Baba ya aiki yaro ya sayo sabulun wanki, ya yanka shi gunduwa-gunduwa, ya cusa a wannan filin gaba da tsakiya da baya. Aka sa jak a tsakiyar ƙarfen, ba a shasi ba, aka yi ta ɗagawa har tayoyin gefen biyu suka bar ƙasa suna lilo. Gabana ya ɗan faɗi, ba zan ɓoye ba, rabin motata ce a rataye a kan aikin da bai gama hucewa ba. Ya ce, "Buɗe ƙofa, Alhaji." Na buɗe ta gaba na rufe, na buɗe ta baya na rufe, duk lafiya lau. Aka sauke, aka zaro sabulun. A gefen direba ɗan shati kawai ya yi. A ɗaya gefen, na gaba da na tsakiya lafiya, amma na baya ya baje, don tun farko filin wurin bai wuce milimita 10 ba. Na nuna masa. Ya ce, "Ƙarfen nan ba ya motsi, ka tafi abinka." Na ce, "Baba, ai bodin ne ke motsi." Ya ce in ya dame ni in dawo. Daga Kano zuwa Gembu ba nan kusa ba ne, shi ma ya sani.

A daji kam ƙarfen ya yi abin da aka yi shi dominsa. Akwai wata gangara da ke sauka rafi a hanyar wata ruga da nake zuwa, ruwa ya tone ta ya bar wani baƙin dutse ya fito a gefen dama, hagu kuma kwazazzabo ne, babu wurin kaucewa. A da sai an sauka an jera ƙananan duwatsu an yi wa taya matakala. Wannan karon na sa ogzilari, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja, giya ta ɗaya, na bar motar tana rarrafe. Tayar gaba ta hau ta sauka, sai na ji ƙum a ƙarƙashin kujerar yarona, motar ta ɗan karkata. Daga nan sai ƙarar gogar ƙarfe da dutse, tana tafiya daga gaba zuwa baya a hankali, har wutsiyar nan da aka turo waje ta kai kan dutsen, ta ture gindin motar gefe kaɗan, tayar baya ta samu hanya ta hau. A bakin rafi na tsaya na duba. Fenti ya tafi tun daga ƙafar farko har ta ƙarshe, farin ƙarfe na ƙyalli, amma ko lotsawa bai yi ba, dokin ƙofa kuma ko ƙwarzane. Kututturen turare ma ya sha goga shi. A cunkoson Kurna kuma wani ɗan adaidaita sahu ya matso ni, shi ya tafi da tabo a jikin kekensa.

Amfanin da ban sa a lissafi ba shi ne wurin sa jak. In mota ta nutse a taɓo har shasi, ƙaramin jak ɗin kamfani ba shi da inda zai shiga. Yanzu dogon jak irin na Hi-Lift nake kafawa a jikin ƙarfen gefe, in ɗaga ɓangare guda, a cusa duwatsu da itace ƙarƙashin taya. Sai dai a kula, bakin jak ɗin yana zamewa a kan zagayayyen bututu in akwai laka. Daidai kan ƙafa ake sa shi, a ɗora gindinsa bisa katako mai faɗi, kuma kada kowa ya kai kansa saitin mariƙin, don in ya kuɓuce yana iya fasa haɓa.

Yanzu ga inda aka ɓata mini rai. Wurin nan da sabulu ya baje bai yi ƙarya ba. Da zarar motar ta murɗe a rami da kaya a baya, sai ka ji ƙwas ƙwas a ƙarƙashin ƙofar baya ta dama, har fentin dokin ƙofa ya fara cin ƙarfe a wurin. Abin da aka sa don ya kare bodi shi ke dukan bodi. Da yake da noti aka ɗaure, wani mai walda a Jalingo ya kwance shi, ya yanke ƙafar baya a ƙasa, ya sauke ta kaɗan ya sake kamawa, muka mayar, ƙarar ta ɗauke. Da na bi shawarar kamawa da wuta, wannan ƙaramin gyara da ya zama babban aiki. Amma ai kuɗi ne na sake biya a kan abin da aka gani tun motar tana rumfa.

Fenti kuwa aikin gaggawa aka yi masa. Dama an yi ta ja mini rai da gobe in sha Allahu, saboda wata tifa ta shigo kuma mai ita ya fi ni matsa lamba, ni kuma kayana na jira a sito. Da ranar ta zo sai yara suka fesa jan fenti ba su kankare baƙin ɓawon da sabon ƙarfe ke zuwa da shi ba, ba su goge maiƙon jikinsa ba, jan bai gama bushewa ba suka bi da baƙi. A rumfa ya yi sheƙi. Kafin in kai Bali tsakuwar da tayar gaba ke watsowa ta fara ɓare shi, damina na shiga tsatsa ta bi duk inda ya ɓare. Ban damu da inda dutse ya goge ba, wannan aikinsa ne, amma ƙafafu da saman ƙarfen da babu abin da ke taɓa su bai kamata su yi ja ba. Da burushin waya na bi shi, na shafa jan fenti na bar shi ya bushe sosai, sannan baƙi. Irin wannan ƙarfe fenti mai sauƙi da za ka iya sake shafawa da kanka ya fi dacewa da shi, tunda kullum a cikin gogewa yake.

Akwai kuma ruwa. Sun toshe bakin bututai da kyau a ido, ashe akwai 'yar kafa a waldar ɗaya murfin, kuma ba su huda ramin fitar ruwa ba ko ɗaya. Bayan tsallaka rafuka sai na riƙa jin ruwa na kai-kawo a ciki in na taka birki. Aka huda ramin milimita 8 a can ƙasan kowane bututu, jan ruwa ya zubo, muka ɗura baƙin mai muka juya motar gaba da baya don ya bi ciki.

Sauran ƙorafin ba laifin Baba ba ne, halin abin ne. Saman bututu sulɓi gare shi, da takalmi mai laka in ka taka sai ƙafa ta tafi; an ɗora mini gutsattsarin faifai mai gurzau daidai kowace ƙofa, da tun farko aka yi da ya fi. Laka tana cushewa tsakanin ƙarfen da bodi, in ba a sa mai wanki ya zura ruwa wurin ba, danshi zai kwana yana cin dokin ƙofar da ake karewa. Kuma tunda ƙarfen ya turo waje, duk mai saukowa sai ya goge shi da bayan ƙafa. Ranar Juma'a da farar shadda sai ka tattare riga ka yi dogon taku. Uwargida ta ce in dai motar nan ce, gara ta hau adaidaita zuwa biki.

Nauyi ma a sa shi a lissafi. Mun ɗora su a sikelin 'yan gwangwan kafin a ɗaura, biyun sun kusa kilo 70. A mai ban ga wani bambanci ba, amma wannan kusan buhun gishiri ɗaya da rabi ne da dole in rage daga lodi in ina son sifirin baya su daɗe. Noti kuma Baba ya yi gaskiya, yana kwancewa. Bayan tafiyar farko na samu wasu sun ɗan saki, na matse su da sifana mai lamba 19, daga baya na canza kawunansu zuwa masu roba a ciki waɗanda ba sa warwarewa. Duk da haka in an je canjin baƙin mai ina sa yaro ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kuɗi ba zan faɗi da naira ba, don farashin ƙarfe ba ya kwana biyu a wuri ɗaya. Ƙarfe da noti sun ci fiye da ladan aiki, duka-duka har da gyaran Jalingo ya tashi kusan kuɗin sababbin tayoyi biyu masu kyau. Gyaran ƙofa da dokin ƙofa da na yi a baya bai gaza rabin haka ba, kuma har yau in rana ta haska wurin ana ganin inda aka cike.

Wanda motarsa ba ta barin kwalta, ya bar matakalar kamfani, ta fi sauƙin takawa ga tsofaffi da yara, ba ta kuma ɓata riga. Wanda ke da sabuwar ƙira daga 2015 zuwa sama, in mai jakar iskar kariya daga haɗari ce a gefe, ya yi tunani sosai kafin ya sa na walda, don ƙarfe mai tauri a wurin yana canza yadda karo ke isa ga na'urar da ke fasa jakar. Manyan kamfanonin suna gwada nasu a kan haka, rumfar Baba kuwa sabulu ne gwajinta. Tawa ba ta da jakar gefe. Sannan kada mutum ya ɗauka ya gama kare motarsa. Ƙarfen gefe bai san da kaskon baƙin mai ba, bai san da tanki ba, bai san da ƙwallon diferensha ba, duk suna nan a buɗe.

Tankin ne ma yanzu a gabana, don na ga shatin dutse a gindinsa. Wurin Baba zan koma, saboda hannunsa a kan 7018 ban ga irinsa ba a Jalingo. Na kira shi na gaya masa sharaɗina: ba kafin alƙalami mai yawa sai na ga an yanka ƙarfe, fenti wani wuri zan kai, kuma in sabulu ya baje ba zan ɗauki mota ba. Ya ce, "Alhaji, kai da rigima." Ya ce in kawo ta bayan Sallah, in taho da faifai milimita 4.